Tsohuwar Hilux ta ƙi shiga fo-wil? Ga yadda ake gano inda matsalar take kafin a kashe kuɗi

Mai tsohuwar a-kori-kura ba ya sanin lafiyar fo-wil ɗinsa sai ranar da ya buƙace shi. Duk rani motar tana kan kwalta, tayoyin baya kaɗai ke aiki, ƙaramar sandar nan da ke gefen giya ba wanda ya taɓa ta. Sai damina ta sauka, a ɗauko taki ko buhunan masara, a kafe a cikin laka a hanyar ƙauye. Direba ya ja sanda, ya taka totur, tayoyin baya su yi ta watsa taɓo, na gaba kuwa ko motsi. A nan ne ake kwana a daji, ko a biya kuɗin tarakta ta zo ta ja mota.

Abin takaicin shi ne sau da yawa abin da ya lalace ƙarami ne: tiyo da ya tsage, waya da ɓera ya ci, ko hob da tsohon giris ya daskare a ciki. Amma wanda bai san yadda tsarin yake ba yana iya yarda a sauke masa akwatin giya gaba ɗaya. Wannan bayani ya ɗauki Toyota Hilux a matsayin misali, domin ita ce ta cika hanyoyin karkara daga Kano zuwa Agadez, har Chadi, inda yaƙin 1987 da Libiya ya samu laƙabin Yaƙin Toyota saboda rawar da irin waɗannan motoci suka taka.

Yadda ƙarfin inji ke isa tayoyin gaba

Hilux ta fito a 1968, samfurinta mai fo-wil kuma ya zo a 1979. Tsarin da take amfani da shi na wucin gadi ne: a tafiyar yau da kullum tayoyin baya ne ke tura mota, sai direba ya ga dama ya haɗa na gaba.

Ƙarfi yana bin hanya ɗaya. Daga inji ya shiga akwatin giya, daga nan ya shiga wani ƙaramin akwati da ke maƙale a bayansa mai suna tiransfa, wanda direbobi da yawa ke kira giyar ogzilari. Tiransfa ce ke raba ƙarfin gida biyu, ta tura shi ta farfelar baya da farfelar gaba. Farfelar gaba tana kai shi difaransha, wato ƙullin haƙoran da ke raba juyi tsakanin tayar dama da ta hagu. Daga difaransha sai shafta biyu su kai shi ga tayoyi. Duk inda wannan sarƙa ta katse, fo-wil ya mutu, ko da sauran sassan lafiyarsu lau.

A kan sandar tiransfa akwai rubutu huɗu. H2 na kwalta ne. H4 na yashi, laka da tsakuwa ne a gudu matsakaici. N ba ya tura ƙarfi ko'ina. L4 yana rage gudu ya ninka ƙarfi, ninki 2.28 a tsofaffin akwatuna masu haƙora zalla, ninki kusan 2.57 a masu sarƙa a ciki.

Matakin farko: a san irin motar

Ba duk Hilux ke haɗa tayoyin gaba ta hanya ɗaya ba, kuma ganewar tana farawa daga nan.

Akwai masu hob na hannu. A tsakiyar kowace tayar gaba akwai wani faifai da ake murɗawa, an rubuta FREE a gefe ɗaya, LOCK a ɗayan. Sai an fito an murɗa duka biyun zuwa LOCK kafin tayoyin su karɓi ƙarfi. Irin wannan ya yi yawa a samfuran 1988 zuwa 1997, kamar LN106 mai injin dizal 3L, da ma wasu na bayansu.

Akwai kuma masu tsarin da Toyota ta sa wa suna ADD. Su ba su da faifan murɗawa. A jikin difaranshar gaba akwai wata na'ura da ke haɗa shafta ko ta raba ta da kanta idan an ja sanda. A tsofaffi, zuƙar iska daga inji ce ke motsa ta ta cikin ƙananan tiyo na roba. A samfuran da aka yi tsakanin 2004 da 2015, irin su KUN25, KUN26 da TGN26, ƙaramin moto na lantarki ne ke wannan aiki. Daga 2015 kuma a yawancin samfura sandar ma ta ɓace, maɓallin murɗawa a dashbod ya maye gurbinta.

Lambar samfurin tana kan wani ɗan faranti ko takarda da kamfani ya manna, galibi a ɗakin inji ko a jikin ginshiƙin ƙofa. Yana da kyau mai mota ya ɗauki hotonta ya ajiye a waya. Za ta yi amfani wajen neman littafin motar a intanet da kuma wajen sayen kaya.

Kafin a zargi mota, a duba yadda aka sa giyar

Wani lokaci babu abin da ya lalace. A mota mai hob na hannu, idan hob ɗaya yana LOCK ɗaya yana FREE, tayoyin gaba duka biyu ba za su ja ba, domin difaransha tana zubar da ƙarfin ne ta ɓangaren da ba shi da nauyi. Haka kuma fitilar fo-wil da ke dashbod za ta kama ko da hob ɗin a buɗe suke, saboda abin da take nunawa shi ne matsayin tiransfa kawai.

Shiga L4 yana buƙatar a tsayar da mota, a taka kuloci har ƙasa, ko a sa giya a N idan motar otomatik ce. Wanda ya yi ƙoƙarin tura sanda mota tana gudu zai ji ƙarar haƙora suna cin juna. Idan sanda ta cije a tsaye, a ɗan motsa motar gaba ko baya kaɗan a sake gwadawa, haƙoran ne ba su daidaita ba. Dukan sanda da ƙarfi yana lanƙwasa ƙarfen da ke tura giyar a ciki.

Akwai wani abin da ke ruɗa mutane. Mota ta kafe, taya ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya suna ta juyi a banza, sauran biyun suna tsaye. Wannan halin difaransha ne mara makulli, fo-wil ɗin yana aiki. Maganinsa a cusa duwatsu, itace ko buhun yashi a ƙarƙashin tayoyin da ke juyin, domin su samu abin kamawa.

Gwajin jak: hanya mafi sauƙi ta gano inda sarƙar ta katse

Wannan gwaji ba ya buƙatar komai sai jak, abin tokare mota da mutum biyu. A nemi wuri mai faɗi da ƙasa mai tauri. A kunna mota, a kulle hob idan akwai, a sa H4, a yi tafiyar mita kaɗan domin komai ya shiga, sannan a kashe inji, a bar ta a giya, a ja birkin hannu, a sa duwatsu a gaba da bayan tayoyin baya. A ɗaga tayar gaba guda ɗaya, a sa ƙarfen tokara ko kututture mai ƙwari a ƙarƙashin firam. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Jak yana zamewa, kuma mutane sun rasa rai ta haka.

Mutum ɗaya ya juya tayar da hannu, ɗayan ya leƙa daga gefe da fitilar waya.

1. Idan tayar ta ɗan motsa ta cije, sarƙar a haɗe take. Fo-wil yana shiga.
2. Idan tayar tana juyi amma shaftar da ke bayanta ba ta motsi, hob na wannan ɓangaren ne bai kama ba.
3. Idan taya da shafta suna juyi amma farfelar gaba tana tsaye, matsalar tana ɗaya ɓangaren: ko ɗaya hob ɗin, ko na'urar ADD, ko shaftar can ta karye, ko haƙoran difaransha.
4. Idan farfelar gaba ma tana juyi, tiransfa ce ba ta shiga ba.

A motoci irin LN106 masu miƙaƙƙen aksil a gaba, shaftar tana ɓoye a cikin bututun ƙarfe, ba a ganinta. A nan farfela kawai ake kallo, sannan a maimaita gwajin a ɗaya tayar, idan ya cancanta a buɗe murfin hob a duba.

Idan hob ne

A cikin hob akwai zoben haƙora da sifirin da ke tura shi. Shekaru suna tafiya, giris yana haɗuwa da ƙura da ruwa ya zama kamar kwalta, sai sifirin ya kasa tura zoben. Alamar ita ce faifan ya yi tauri wajen murɗawa, ko ya yi sako-sako fiye da kima, ko a ji ƙarar tar-tar daga taya idan an taka totur a H4.

Gyaran yawanci wanki ne. A sa faifan a FREE, a kwance ƙananan notocin murfin, a ciro shi, a wanke da kananzir, a duba ko haƙora sun cinye ko sifirin ya karye. Wajen mayarwa giris kaɗan ake shafawa. Cika shi da giris yana dawo da matsalar da aka zo gyarawa. Kafin a kwance komai a ɗauki hoto a kowane mataki, saboda ƙananan sassan suna da saurin rikicewa.

Idan fitilar fo-wil tana ƙyaftawa ko ta ƙi kamawa

A mota mai ADD, fitila mai ƙyaftawa tana nufin an ba da umarni amma aikin bai kammala ba. A fara da mai arha. A duba fiyus. A bi wayoyin da ke zuwa jikin tiransfa da difaranshar gaba, domin suna ƙasa, inda ƙaya, dutse, laka da ɓeraye ke samunsu. A zare soket, a duba ko ya yi tsatsa kore, a goge, a bushe, a mayar.

A jikin tiransfa akwai ƙananan makunnai da ke gaya wa mota cewa sanda ta shiga H4. Idan ɗaya ya mutu, na'urar ADD ba za ta samu labari ba. Mai gyaran wayarin yana iya gwada shi da mita cikin 'yan mintoci, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na tiransfa ba.

A masu moto na lantarki, mutum ya tsaya kusa da tayar gaba ya saurara yayin da wani ke jan sanda da makulli a kunne. Mai lafiya yana yin 'yar ƙara ta ɗan lokaci. Shiru yana nufin ko wuta ba ta zuwa ko moton ya mutu, kuma abin da ya fi kashe shi shi ne ruwa da ya shiga ciki bayan ƙetare rafi. A masu zuƙar iska, a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya a nemi wanda ya bushe, ya tsage ko ya zare. A zare tiyon da ke zuwa na'urar inji yana aiki, a ɗora yatsa a bakinsa: idan babu zuƙa a kowane matsayi na sanda, matsalar tana sama, a tiyo ko a bawul ɗin da ke sarrafa iskar.

Idan ta shiga ta ƙi fita

Wannan ya fi faruwa ga wanda ya fito daga laka ya hau kwalta bai cire fo-wil ba. Tiransfar Hilux tana ɗaure farfelar gaba da ta baya su yi juyi daidai wa daida. A kan kwana kuwa tayoyin gaba suna cin tazara fiye da na baya. A yashi ko laka taya tana ɗan zamewa, bambancin ya tafi. A kwalta babu zamewa, sai ƙarfen ya yi ta murɗuwa, sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tsalle a kwana, sanda ta ƙi dawowa. Mafita ita ce a yi baya a miƙe na mita kaɗan ana ɗan jan sandar a hankali, ko a sauka gefen hanya inda akwai ƙasa mai laushi. Wanda ya ci gaba da tafiya a haka yana iya fasa shafta ko ya miƙe sarƙar tiransfa.

Tayoyi masu bambancin girma suna haifar da wannan ko a miƙaƙƙiyar hanya. Taya mai lamba 265/65 R17 tana yin juyi kusan 410 a kilomita ɗaya, mai lamba 265/70 R17 kuma kusan 397. Idan ɗaya tana gaba ɗaya tana baya, bambancin juyi 13 ne a kowace kilomita, kuma ƙarfen mota ne zai sha shi. Sabuwar taya da wadda ta sude, ko iska da ba daidai ba, su ma suna taimakawa.

Tarko na uku yana wajen sayen kaya. Dole lissafin haƙoran difaranshar gaba da ta baya ya zama iri ɗaya. Toyota ta yi amfani da lissafi daban-daban, irin su 4.10, 4.30, 4.56 da 4.88. Wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman difaransha ta hannu, ya ƙirga haƙoran babban faifai da na ƙaramin, ya raba. Haƙora 41 da 10 su ne 4.10, 41 da 9 kuma 4.56. A ido kamarsu ɗaya, a H2 ma mota za ta yi tafiya lafiya, sai ranar da aka sa H4 asiri ya tonu.

Abin da kowace ƙara ke faɗa

Ƙas-ƙas-ƙas idan an karya sitiyari a fo-wil alama ce ta gaɓar shafta da ke kusa da taya ta cinye. A duba robar da ke rufe ta, idan ta yage giris ya fita yashi ya shiga. Canza roba da wuri yana ceton shafta.

Ƙwam guda ɗaya lokacin tashi ko sakin totur, tare da kakkarwa a ƙarƙashin kujera, yawanci kuros ɗin farfela ne. A kama farfelar da hannu a girgiza, bai kamata ta yi wasa ba. A jikinta akwai ƙananan bakunan zuba giris da masu wankin mota da masu canza baƙin mai suke mantawa da su.

Ƙarar bas-bas mai tsalle daga ƙarƙashin tsakiyar mota idan ana hawa tudu a fo-wil tana nuna sarƙar tiransfa ta saki tana tsallake haƙora. Kuka mai tashi da sauka tare da gudun mota kuwa na boris ne ko haƙoran da suka rasa mai.

Man giya, musamman bayan damina

Tiransfa da difaransha biyu kowanne yana da mansa daban, kuma ba ya cikin abin da ake canzawa a sabis na baƙin mai. Ana amfani da man giya mai lamba irin 75W-90 a tiransfa, difaransha kuma tana son mai darajar GL-5. Ainihin lamba da adadin lita suna cikin littafin kowane samfuri. A kwance notin cikawa na sama kafin na zubarwa na ƙasa, domin idan an zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwantuwa, mota ta tsaya ke nan. Man ya kamata ya kai bakin ramin cikawa.

Mai mai launin madara ko kunun gyaɗa yana nufin ruwa ya shiga. Aksil mai zafi idan ya faɗa ruwan sanyi yana zuƙo ruwan ta ɗan bututun shan iska ko ta bakin sil. A canza shi nan take. Garin ƙarfe mai laushi a jikin maganaɗisun noti abu ne da aka saba gani, amma gutsattsarin da yatsa ke ji alama ce ta haƙori ya fara karyewa.

Inda wayar hannu ke taimakawa, da inda ba ta yi

Na'urar OBD2 mai Bluetooth irin ELM327, da manhajoji kamar Torque ko Car Scanner, suna da amfani wajen karanta lambobin matsalar inji. Sai dai masu arha galibi ba sa shiga kwamfutar fo-wil. Tsofaffin injinan dizal irin 3L masu famfon mai na ƙarfe zalla kuwa ba su da kwamfutar da za a karanta. Don haka kada a ɗauka tunda manhaja ba ta nuna komai ba, fo-wil lafiya yake.

Kyamara ta fi amfani a nan. A jingina waya a ƙasa daga gefe tana ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, a tashi da mota a kan yashi a H4, a kalla a ga ko tayoyin gaba suna watsa ƙasa. A naɗi ƙarar da mota ke yi a tura wa bakanike ta WhatsApp kafin a je gareji, tare da hoton lambar samfuri. Idan ya ce wani abu ya lalace, a nemi ya nuna shi, a ɗauki hoton tsohon da sabon.

Rigakafi

Littattafan Toyota na irin waɗannan motoci suna ba da shawarar a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 a fo-wil kowane wata, domin mai ya zagaya sassan gaba. Hanyar ƙasa ta zuwa gona ta isa. Mai shirin sayen tsohuwar Hilux kuma ya leƙa ƙarƙashinta tukuna, saboda akwai masu cire farfelar gaba gaba ɗaya don ɓoye matsala, fitilar dashbod kuma ta ci gaba da kamawa kamar ba komai. Ya gwada H4 da L4 a kan ƙasa, ya duba lambobin tayoyi huɗun, ya buɗe notin tiransfa ya ga launin man. Lokacin da ya fi dacewa da duk wannan bincike shi ne watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwa ya zauna, lokacin da gareji ke kusa kuma hanya a bushe take.